Gorar Jagoran Fadama

Kakata Inna Hure ba ta iya tatsuniya mai daɗi ba. A ƙauyenmu, can gabas da Rabah, sauran yara kan dawo daga wurin kakanninsu suna dariya, mu kuwa sai an zubar da jini a tatsuniyar kafin a sallame mu. Bayan isha'i takan zauna gaban murhu tana gasa mana gyaɗa. Ni na fi kowa matsawa kusa, ni kuma na fi kowa tsoro.

"Matso, mijina raggo," in ji ta. "Ga ta nan tahe. In ka jiƙa tabarma ba ruwana."

Labarin da ta fi so na wani jagora ne mai ƙetarar da fatake fadamar Rima. A farkon damina aikinsa ya fi haɗari, domin saman laka yakan bushe ya yi ɓawo, ƙarƙashi kuwa ruwa ya riga ya shiga, tana iya haɗiye jaki da kayansa. Shi ya sa yake ɗaure mutane da igiya ɗaya a ƙugu, shi yana gaba yana caka gora kafin kowane taku.

Wata rana ruwan fari ya zo da ƙanƙara, ta rufe fadama fari fat. Jagora ya ce ba ya ganin ƙasa, a dakata ta narke. Madugun ayarin ya zabga masa bulala har idonsa ya fashe, ya karya gorar, ya shige gaba. Bai yi taku ashirin ba ƙasa ta buɗe. Na bayansa ya ji igiya na jansa, ya zaro wuƙa ya yanke ta.

A nan Inna takan cafke ƙafata. "Laka ta kai mai ga wuya, ta kai ga baki, shina kiran mutumen da yad daka! To mi ya rage?"

Na tsani madugun nan ƙwarai. Na girma ina ganin ba abin da ya haɗa ni da irinsa.

Inna ta daɗe da rasuwa ranar da 'yan bindiga suka shigo mana da hantsi, kwana biyu bayan ruwan fari. Sun cinna wa rumbuna wuta, sun harbe maƙwabcina a bakin rijiya ina kallo. Muka kwasa zuwa fadama don mu kai ɓangaren Wurno. Wani tsohon masunci, Baba Manu, ya shige gaba da gorarsa yana caka ƙasa sannu sannu, ga ƙarar babura a bayanmu.

"Baba, ka yi sauri, kashe mu za su yi!" na ce.

"Ɗana, kak ka wuce ni. Wagga ƙasa ba ta ƙwari."

Na bangaje shi ya kife, bakinsa ya fashe. Na ruga. Ba ni da jiki, ɓawon ya tsage amma ya ɗauke ni. Ƙanena Sani ya biyo sawuna ɗauke da 'yata a wuya, inda na tsaga nan ya rufta. Ya samu ya wurgo mini yarinyar. Laka ta riƙe shi har ƙirji, a haka 'yan bindigar suka iske shi suka harbe.

Baba Manu ya ƙetarar da sauran duka, yana tofar da jini. Da la'asar ya dawo da igiya don mu ciro gawar. Bai ce mini komai ba sai, "Riƙa nan, ɗana."

Inna ba ta taɓa gaya mana abin da ke korar madugu ba, ni kuma ban taɓa tambaya ba. Yanzu na san ba sai mugu ke bugun mai gora ba, tsoro ma ya isa. 'Yata ta fara wayo, kullum tana damuna in yi mata tatsuniya. Guda ɗaya na iya da kyau, kuma har yau bakina ya kasa ɗaukar ta.