Lambar Kawu a Allon Layi

Har yau in na tashi daga aji na ga alli ya yi fari a yatsuna, hannun Baba nake tunawa. Haka yake dawo mana gida a Umarari kullum da la'asar, ni ce mai zuba masa ruwan buta, yana wankewa yana tsokanata wai na fi 'yan kamasho surutu.

Baba shi ne ciyaman na direbobin tasharmu. Daga tuƙi ya fara, shekara da shekaru a hanyar Bama, kafin su zaɓe shi. Duk mulkinsa wani baƙin allo ne da aka kafe a jikin bishiyar dogon yaro. Direba ya shigo, a rubuta lambar motarsa a ƙasa; wanda ke sama shi ke lodi. Doka ɗaya Baba ya kafa, kuma ba sani ba sabo: aka kira lambarka sau uku ba ka nan, an goge ka. Ya taɓa goge surukinsa, Kawu, ƙanen Mama, don ya tsaya shan shayi. Mama ta yi kwana biyu tana cika tana batsewa.

Sai hanya ta lalace da 'yan bindiga. Wata safiya da damina Kawu ya ɗauki fasinja ya tafi. Ganin ya daɗe bai samu lodi ba kafin wannan, Baba ya rubuta masa lamba tun kafin ya juyo, abin da bai taɓa yi wa kowa ba. Kawu bai dawo ba. Ba mota, ba gawa, ba labari.

Lambar ta hau har sama, Baba ya ƙi gogewa. Kullum sai ya kira ta sau uku, sannan na biyu ya yi lodi. In ruwa ya wanke ta, ya sake rubutawa. A gida kuwa Mama ba ta tambayarsa komai, hannunsa kawai take kallo.

Direbobi suka gaji. Mataimakin Baba, wani dogon mutum mai amon murya, ya same shi a ƙofar gidanmu ina ji.

"Ciyaman, kai ka kafa dokar nan. Fasinja na jin kana kiran wanda ba ya amsawa, sai su sauka. Ko ka goge, ko ka ba da alli."

Baba ya ce, "Ranar da na goge, da wane ido zan shiga gidan nan?"

Ya zaro alli daga aljihu ya miƙa masa. Shekarunsa na shugabanci suka ƙare a nan, ko shayi ba su sha ba. Wallahi na tsani mataimakin nan a ranar.

Bayan rasuwar Baba ne na je tashar. Yanzu a waya suke bin layi, allon ya koɗe, ba mai kallonsa. Mataimakin nan ya tsufa, amma ya gane ni. Ya kama hannuna ya kai ni gindin bishiyar. Lambar Kawu na nan a sama, da farin fenti.

Ya ce, "'Yata, na ɗauki tsumma ranar, hannuna ya ƙi. Na ce gara fenti, ruwa ba ya wanke shi."

Na tsaya ina kewar Baba kamar in yi ihu. Sai na ji bakina ya kira lambar, sau uku.