Illo da Tsamiyar Uwar Gida

Kafin rana ta leƙo bayan dutse, Illo magini ya riga ya zagaye katangar fada, yana shafa ta da tafin hannu ko damina ta bar tsaga. Daga nan ya shiga garkar Sarki, ya ba lemo da mangwaro ruwa. Tsamiyar da ke can ciki kuwa, sai ya cire takalmi yake share gindinta. Bana gwiwoyi sun ƙi, zai ajiye aiki, gara a yaba masa yana ji da kunnensa.

Kakan Sarki ne ya gina fadar garinmu. Da yunwa ta watsa mutane, soraye suka rufta, garka ta koma jeji. Tsamiyar ce ba mai taɓa ta, domin Doguwa ke zaune cikinta, iskar nan da ba ma kiran sunanta a kusa, sai dai mu ce Uwar Gida. Mahaifin Illo reshe ɗaya ya sara, ya ƙare kwanansa da shanyayyen hannu da ƙafa.

Da Kumandan, Baturen mulki na Dogon Dutsi, ya ce a tada fadar, Illo aka damƙa wa aikin. Ya kwaɓa ƙasa, ya ɗora tubali, soraye suka miƙe. Sai Bature ya ce garka ma a tsara ta irin ta ƙasarsu, hanya miƙaƙƙa, itatuwa sahu-sahu. Aka ja igiya, igiya ta faɗa kan tsamiya. Gardi, dogarin Bature, ya jefa gatari gaban Illo: ko ya sare, ko a tura shi aikin dole, inda maza da yawa suka tafi, labarinsu kawai ya dawo. Gaba kura, baya sayaki. Kubra matarsa ta daina cin abinci. Mu ma tsoro ya kama mu, don idan Uwar Gida ta fusata ba ta tsayawa kan mutum ɗaya.

Kumandan ya dawo ya tarar da tsamiya tsaye. Ya daka tsawa, Sallau tafinta ya juya maganar. Illo ya durƙusa ya ce:

"Ranka shi daɗe, ba ni iyawa. Iccen ga na Uwar Gida na, ba ta yarda ba."

Sallau ma ɗan Arewa ne, ya san wadda ake nufi. Ya mayar da maganar yadda take, bai ƙara ba, bai rage ba. Bature ya ɗauka matar Sarki ce, ya ce a kai shi ya gaida Madam.

Illo ya shige gaba ƙafafu na rawa, ya tsaya gindin tsamiya, ya nuna da hannu. Bayanta katangar shiyyar mata ce. Kumandan ya cire hula ya rusuna wa katanga, ya ce a karkata hanya, a bar wa Madam inuwarta.

Illo, kai ne ka tsaya mana tsakanin gatari da iska. Ba ka yi ƙarya ba, ba ka sara ba, kuma ranar nan ba wanda ya kai ka jin tsoro. Mai tada kango, mun gode. Ku masu tasowa, ku koyi tsayuwa irin tasa, ko da ƙafa na rawa.

An sake Kumandan, an kuma sakewa, amma kowanne ya gaji maganar. In ya shigo garka sai ya tambayi lafiyar Madam. Har yau Illo kan durƙusa ya ce:

"Lahiya lau take, ranka shi daɗe. Tana ganinka."