A Rage Min Na Gobe

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Labarin ya same ni da safen nan ina tsaye a gaban murhu. Mma Azara ta rasu.

Anti Comfort maƙwabciyarta ce ta kira ni. Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba, ta ce da guntuwar Hausarta, "Rahi, Mma ya tafi o," sai kuka. Na daɗe a tsaye da cokali a hannu, na rasa inda zan ajiye shi.

An kai ta makwancinta bayan azahar. Yanzu na dawo gida, zuciyata ta ɗan kwanta, shi ya sa na ce bari in gaya muku ko wace ce ita a wurina.

Duk wanda ya taɓa cin abincin shagona a Lamashegu, girkin Mma ya ci. A gidanta na Sabonjida na koyi komai, tun ina budurwa mai rawar kai da ke ƙona albasa. In na yanke yatsa ita ke ɗaure min, tana ɗaurewa tana faɗa. Ranar da na buɗe shago ta zo a yalo-yalo, keken hayan nan mai ƙafa uku, da babbar tukunyarta a cinya, ta dire min ta juya, ko zama ba ta yi ba.

Amma Mma ba ta yabo. Duk wadda ta yi koyo a hannunta ta san wannan.

Ba za ka taɓa jin "ya yi daɗi" a bakinta ba. In girkinki ya shige ta, za ta ture kwanon gefe ta ce, "A rage min na gobe." Shi ke nan, an yaye ki. Sikena ta samu a kan waakye, shinkafa da waken nan. Memuna ta samu a kan kek, Memunar da ni na koya mata fasa ƙwai!

Ni kuwa shiru. Shekara da shekaru ina kai mata ɗanɗano, ta ci loma ɗaya ta ce, "Allah ya yi albarka," ta miƙa wa jikoki. Kwastomomi na ta zuga ni, ana kirana biki har Sagnarigu, amma wallahi abin yana cina a rai. Ina dariya a gabanta, in koma gida ina ƙunƙuni.

Akwai wani abinci da Mma kaɗai ke yi a unguwar, shi ma sau ɗaya a shekara.

Anti Comfort Kirista ce, kuma tana kiwon talotalo a bayan gida. Duk Kirsimeti sai ta kira limamin layinsu ya yanka mata mafi girma, don maƙwabtanta Musulmi su ci ba tare da wasi-wasi ba. Mma ke gasa mata shi, irin yadda ta koya lokacin da take kuku a wani gidan saukar baƙi. A cusa masa burodi a ciki, da albasa da citta da hanta da ƙundu.

Ranar Kirsimeti kowa cinya da fiffike yake wawaso. Washegari abin da ke saura sai busasshen ƙirji, da ƙasusuwa, da burodin nan da ya yi sanyi ya dunƙule, ba mai kallonsa.

A nan Mma ke ɗaura zani.

Ta yayyaga tsokar da hannu. Ta dafa ƙasusuwan har su ba da romo. Ta jiƙa burodin da romon, ta kaɗa ƙwai da madarar da Bafulatanar unguwar ke kawowa, ta shimfiɗa a tire: burodi, nama, burodi, man shanu a sama. Ba ta yarda da oban na lantarki ba, wai wuta na iya ɗaukewa ana tsakiyar aiki. Babbar tukunya ce da yashi a ciki, gawayi a ƙasa, gawayi a kan murfi.

Ita "kasarol" take ce masa, mu kuma "washegari" muke cewa. Sama ya yi ƙanzo, ciki ya yi laushi. Mutanen da suka ƙi kallon ragowar da safe su ne ke layi da kwano da yamma, na coci da na masallaci.

Na taɓa tambayarta me ya sa take wahalar da kanta a kan ragowa. Ta harare ni ta ce, "Tsuntsun nan an yanka shi don a ci ne, Rahi. Rabinsa ba a yanka don bola ba."

Bana ƙafafunta suka ƙi. Tun damina take kwance.

Ni na gasa wa Anti Comfort talotalonta shekaranjiya. Jiya da rana Mma ta aiko a ce min tire na nan a inda yake, yashi ma an tankaɗe. Ba ta ce in zo in yi ba, amma na gane.

Na sha tsayawa a bayanta tana yi, amma ban taɓa yi ni kaɗai ba. Kuma duk mun ga yadda jikinta ke ja baya. Na ce a raina, in ban ji maganar nan a kan wannan tiren ba, anya zan ƙara samun wata dama?

A tsakar gidanta na haɗa komai, tana kwance a ɗaki, labule a sake. Da ƙamshi ya fara tashi sai hannuna ya kai kan murfi, in leƙa kaɗan kawai.

Daga ciki na ji muryarta: "Rahi, sauke hannunki."

Na ce, "Mma, ban taɓa komai ba fa."

Ta ce, "Ƙafa ce ta mutu, kunne na nan."

Anti Comfort ta yi dariya har da riƙe ciki. Na koma kan kujera na zauna a kan hannuwana, ban sake motsi ba sai da Mma ta ce a sauke.

Bayan la'asar na kai mata a ƙaramin kwano. Na tallafe ta ta jingina da filo. Ta fasa ƙanzon da cokali, ta duba cikin, ta kai baki. Ta daɗe tana taunawa. Ta ƙara loma ta biyu, abin da ban taɓa gani ba.

Sai ta ture kwanon gefe ta ce, "A rage min na gobe."

Na ce, "Na'am, Mma?"

Ta ce, "Kin ji ni sarai. Kuma ki tafi da shi gidanki ki sa a firij. In ya kwana a nan, jikokin nan ko ƙamshi ba za su bar min ba."

Na fito ina share ido da bakin mayafi. Amma kun san halina. Kafin in isa Lamashegu zuciya ta fara raya min cewa tausayina kawai ta ji, ta ga ta kusa tafiya ta ce bari ta sallami yarinyar nan. Da wannan tunanin na kwana.

Ragowar kwanon nata nake ɗumamawa da safen nan wayar ta shigo.

Ban san lokacin da na zuba shi a kula na tafi da shi gidan rasuwa ba. Sai da aka fita da ita, gida ya rage mu mata, Anti Comfort ta ga kular a gefena. Ta ja ni zuwa madafar Mma, muka zauna a kan turmi.

Ta ce kullum bayan asuba ita ke kai wa Mma koko da ƙosai. Yau ma ta kai. Mma ta ce ta mayar.

"Ya ce, Comfort, yau ba na shan koko. Zan bar cikina, Rahi na kawo min abincina." Anti ta share hanci. "Ya ce zai kwanta small kafin ki zo. Shi ke nan fa."

Ashe jirana take yi.

Na buɗe kular, da sauran ɗuminsa. Mun san abin da Mma za ta ce in aka zubar. Muka sa cokali biyu, muna ci muna kuka, har muka ga ƙasan kwano.

Allah ya jiƙan Mma Azara, ya yafe mata kurakuranta, ya haskaka kabarinta. Ta tafi da yunwar safe tana jirana, ya Allah ka ciyar da ita da abin da ya fi nawa a Aljannar Firdausi.

Don Allah duk wanda ya karanta wannan ya sa ta a addu'a, na masallaci da na coci, kamar yadda muke haɗuwa a layin tirenta. Amin.