Kibiya a Cikin Zanenta

Shagona yana Sabon Layi a Mubi, tsakanin wani tela da mai sayar da kayan gyaran mashin. Aikina buga takardu: katin aure, tsarin sujada na coci, sanarwar jana'iza, aikin ɗalibai masu kammala karatu. Da tafireta na fara tun ina saurayi, na koma kwamfuta bayan furfura ta fito mini, kuma ban taɓa yarda wani ya zauna a kujerata ba. Mutane suna cewa ina da faɗa. Ban musa ba, amma ba a taɓa dawo mini da takarda don kuskure ba, sai da idona ya fara tafiya.

A fuskar kwamfutar akwai hoton matata, wadda ta riga ni tafiya. A gonarmu ta Duvu na ɗauke shi, lokacin cirar gyaɗa. Tana tsaye da daro a kai, hannu ɗaya a ƙugu, tana hararata don na tsayar da ita daga aiki. Ta ɗaura atamfa mai ganye-ganye, kore da rawaya da fari, dutsen ƙauyenmu yana bayanta. Ita ba mai son hoto ba ce. 'Yan waɗanda muka ɗauka ranar aure da ranar baftismar yara sun tafi a shekarar da 'yan tada ƙayar baya suka shigo muka bar gari da gudu, don da muka dawo ruwa da gara sun gama da su. Wannan ya tsira ne saboda na taɓa tura wa 'yata ta fari shi a waya.

Duk safiya idan na ta da janareta na kunna kwamfuta, ita ce ke fara fitowa ta harare ni. Nakan ce mata, na ji, zan fara aikin. Kuma a jikinta na jera kayan aikina. Foldar coci tana kafaɗarta ta dama. Katunan aure suna bisa daro. Aikin ɗalibai yana ƙasa wajen ƙafafunta, cikin ganyen gyaɗa, kwandon shara kuma can kan dutse. Ban taɓa barin komai ya hau fuskarta ba. Idan sabon fayil ya faɗo kusa da kuncinta, sai na janye shi gefe kafin in taɓa wani abu.

Ciwon suga na daɗe da shi, ina shan magani idan na tuna. Abin da ya fara ɓace mini shi ne kibiyar nan da ake nuna abu da ita a allo. 'Yar ƙarama ce, fara, zanen matata kuma cike yake da fararen ganye. Tana shiga zanen sai ta nutse. In yi ta kaɗa maus hagu da dama, in matso da fuska har hancina ya kusa taɓa gilashi, wanda ya kawo aiki yana tsaye a kaina yana gyaran murya. Telan maƙwabcina, wanda iyayensa suka zo daga wajen Katsina, ya gane abin tun kafin in faɗa wa kowa. Yakan leƙo da almakashi a hannu ya ce, "Baba mai bugu, yau ma madam ta ɓoye maka kibiyar?"

Nakan ce masa ya je ya ji da wuyan rigar da ya karkatar. Muna dariya, amma cikina ba dariya yake yi ba. Tsoro nake ji.

Na canza tabarau, bai yi ba. 'Yata ta fari, wadda take aikin ofis a Yola, ta matsa sai da na je wurin likitan ido a can. Ya haska, ya ɗiga magani, ya sake haskawa. Ya ce ba yanar ido ba ce da za a cire, suga ne ya ci bayan idon. Abin da ya tafi ba zai dawo ba, wanda ya rage kuma za a yi ƙoƙarin riƙe shi, amma bai yi mini alkawari ba. Na gode masa don bai yi mini ƙarya ba. Muka hau mota ni da 'yata muka dawo Mubi.

Ita wannan 'yar, faɗana ta ɗauko, fuskar kuma ta uwarta. Washegari ta biyo ni shago ta tsaya tana kallo ina farautar kibiya. Da ta gaji ta ce, "Baba, ga shi nan a hannun Mama. Tun ɗazu yana wurin. Ka tashi in gyara maka."

Na ce ba a zama a kujerata.

"To zan gyara a tsaye."

A tsaye ta gyara. Ta shiga wurin da ake sauya kamannin allo, wurin da ban taɓa leƙawa ba duk shekarun nan. Ta ƙara wa kibiya girma har ta kai babban yatsa. Ta mai da ita rawaya, ta ɓace a rawayen ganye. Ta mai da ita kore, ta ɓace a gyaɗa. Baƙa ta ɗan fi, amma idan ta shiga inuwar dutse sai in sake rasa ta. Sannan ta ƙara girman rubutu da na foldoji. Nan ne abin ya lalace. Da suka yi girma sai suka rasa wurin zama, kwamfuta ta kwashe su da kanta ta jera su layi-layi, ɗaya ta zauna daidai kan bakin matata, wata kan idonta. Na daka tsawa har tela ya leƙo.

'Yata ba ta tsorata ba. Ta ce, "Baba, matsalan ba kibiya ba ne. Hoton ne. Kala ya yi yawa, idonka ba ya iya rabawa. Akwai wani setin na masu ciwon ido, baya baƙi, rubutu rawaya. Bari ka gani kawai."

Ta danna. Allon ya yi ɗif na ɗan lokaci, sannan ya dawo baƙi ƙirin. Babu gona, babu dutse, babu daro. Rubutu ya fito rawaya, manya-manya, kibiya fara tas tana tsaye a tsakiya.

Na gani. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Na karanta sunan kowace folda ba tare da na matso ba. Na daɗe ban ga harafi da kaifinsa haka ba, har na ji ƙwalla. Na so in ce mata bai yi ba, amma ta riga ta ga fuskata.

Na ce, "Ina uwarki?"

"Tana nan, ba ta goge ba. Setin ne ba ya ɗaukan hoto a baya. Ko hoto, ko gani, Baba. Ka zaɓa."

Ta faɗa da ƙarfi don kada muryarta ta karye, na san halinta. Akwai aikin ɗalibai a jibge a kan tebur, ga sujadar Lahadi ba a buga ba. Kuma ni mutum ne da ban san kaina ba sai a bakin aiki. Na ce ta bar baƙin, na ɗan lokaci, kafin idon ya lafa.

Ta yi iya ƙoƙarinta, wannan ba zan hana ta ba. Ta kai hoton aka wanke shi babba, aka sa a firam, ta rataye mini a bango. Amma takarda ba ta da haske a bayanta, idona kuma ya koma ba ya kama komai sai abin da ke haskakawa. Firam ɗin nake gani, abin da ke ciki kuwa duhu-duhu. Ta kuma nuna mini inda zan danna in buɗe hoton a kwamfuta duk lokacin da na so. Na buɗe a farko-farko. Sai dai da can tare muke zaune, tana nan ina aiki, ban neme ta ba ban kore ta ba. Yanzu sai na tashi takanas na je wurinta, in kuma rufe ta da hannuna idan mai aiki ya shigo. Rufewar ce ba na iyawa. Ga kunya, tsoho da ni a same ni na zuba wa hoto ido da rana tsaka. A hankali na rage buɗewa, ina cewa sai na sami sarari.

Haka muka shiga damina da baƙin allo. Aiki ya tafi, amma hannuna bai yarda ba. Idan sakataren coci ya shigo, sai in ga kibiya ta nufi sama ta dama da kanta, inda kafaɗarta take a da, ta tarar da wayam. Mai katin aure ya zo, hannu ya tafi wurin daro. Shekaru na yi ban karanta sunan folda ba, jikinta nake bi. Yanzu sai na bi layi ina karantawa ɗaya bayan ɗaya, kamar baƙo a shagona.

Idon kuma bai lafa ba. Duk zuwan da 'yata za ta yi, sai ta ƙara girman rubutu. Daga baya ta kunna mini wani abu mai kumbura duk inda kibiya ta je. Layi ya daina shiga allo, sai rabinsa, daga nan sai kalma biyu ko uku. Yatsuna ba su makance ba, har yau sun san mazaunin kowane harafi. Amma mai bugu dole ya karanta abin da aka kawo masa, ya kuma duba abin da ya buga, ni kuwa kafin in kai ƙarshen jimla na manta farkonta. Ta gwada mini muryar da ke karanta rubutu. Da Turanci ba laifi. Da na ba ta waƙar sujada ta Hausa, abin da ta fitar ko mahaukaci ba zai yi shi ba, tela ya yi dariya har da riƙe ciki. Harshenmu na gida kuwa ban ma gwada ta da shi ba, na kashe ta.

Takardu suka fara dawowa. Ɗalibai ba su da kara, suka koma wani shago a bakin titi. Sakataren coci ya fi su ladabi. Ya zo ya zauna, ya tambayi jiki, ya yi addu'a, sannan ya ce matasa suna so su koyi buga tsarin sujada da kansu, don a rage mini wahala. Na ce Allah ya taimaka. Da ya fita na zauna ina jin ƙarar janareta yana shan mai a banza.

A cikin wannan zaman ne wata rana na nemi fuskarta a raina, na ga ba ta zo duka ba. Zanen ya zo, ganye-ganyensa ɗaya bayan ɗaya, shi da ya wahalar da ni. Daron ya zo. Amma hararar, da wane ido ta fi yi? Bakinta a rufe yake, ko ta fara magana? Na yi shekara da shekaru ina kallon hoton nan kullum, na ɗauka ya zauna a kaina daram. Ashe allon ne yake riƙe mini shi. Na lalubi inda ake buɗewa, na kasa samu a cikin kumburarrun haruffa. Girman kai bai bar ni in kira tela ba. Ranar na ji baƙin cikin da ban ji irinsa ba tun ranar da muka binne ta a Duvu.

Na kira 'yata na ce ta zo. Ta ce sai aiki ya sake ta, ga yara ba lafiya. Ba ta iso ba sai da aka fara cirar gyaɗa. A tsakanin nan safiya ta daina bambanta da yamma sosai a idona, amma ban gaya mata a waya ba.

Ta iso da rana, ta same ni a shago. Na tashi daga kujerar na ce ta zauna. Ta zauna a hankali, don ta san abin da hakan ke nufi.

Na ce, "Na gama aiki. Ki cire baƙin nan. Ki rage komai ya koma yadda yake, ƙanana. Ki mayar da uwarki. Coci a kafaɗa, aure a kan daro, ɗalibai a ƙasa."

"Baba, in na rage ba za ka iya karanta komai ba."

"Ba karatu na ce zan yi ba."

Na ja benci na zauna kusa da ita, na gyara tabarau, na matso da fuskata. Ina jin maus yana ƙas-ƙas a hannunta. Ta daɗe tana yi. Ni kuma ina shirya abin da zan ce wa matata idan ta fito, don na san hararar yau za ta fi ta kullum. Sai ƙarar ta tsaya. Na jira. A gabana akwai haske-haske, fari-fari da wani abu kamar kore daga ƙasa. Na ɗauka kwamfutar ce take nauyi, ta tsufa, takan yi haka.

Na ce, "Mayar mana. Me kike jira?"

Ta saki maus ɗin. Keken tela ma na ji ya tsaya.

"Baba," ta ce, "na mayar tun ɗazu."

Na cire tabarau na goge da bakin riga na mayar. Na rufe ido ɗaya, na rufe ɗayan. Na ce ta ƙara hasken allo, ta ce ya kai ƙarshe. Sai ta kama yatsana ta ɗora a kan gilashin, tana ja a hankali. Ta ce ga dutse, ga daro, ga kafaɗa, na sa maka coci a wurin. Gilashin da ɗumi, sumul, ko'ina iri ɗaya. Na tambaye ta bakin a rufe yake ko a buɗe. Ta ce a ɗan buɗe, kamar za ta yi maka faɗa.

Na ce, "Kibiyar fa, tana ina?"

Ta ja hanci ta duba. "Yana kan fuskan Mama."

Na ce ta kawar da ita daga nan.