Kallon da Alhaji Sule ya ƙi yi

Ba na jin zan manta da ranar da muka ɗauki talla a shagon naman Alhaji Sule da ke Longsight. Lokacin tsuke bakin aljihu ne. Council, wato hukumar gari, ta sallame ni daga aikin gadi, ko na gode babu, sai na faɗa wani ƙaramin kamfanin talla a Manchester. Ni ne direba, ni ne mai ɗaukar fitilu, in an shiga unguwarmu kuma ni ne tafinta. Aikin kira ne, in sun ga dama su bugo, in ba su ga dama ba ka zauna gida. A tsarin girma darakta ne a sama, sai mai kyamara, sai mai sauti, sai kare in akwai, sannan ni.

Tallar katin waya ce. Ni na roƙi Alhaji ya ba mu shagon, mutumin Damagaram ne, Turancinsa bai wuce na ciniki ba. Wadda za ta fito a mai sayen nama sunanta Denise, 'yar Birmingham. Tun a mota ta faɗa mini da bakinta ita trans ce, wato an haife ta ana kiranta namiji, yanzu a mace take rayuwarta. Na ce to. Bokona bai yi nisa ba, kuma ba a ɗauke ni aiki don in yi wa kowa hisabi ba. Ta dai taya ni sauke fitilu, abin da masu digirin nan ba su taɓa yi ba.

Ga abin da ku sababbin shiga sana'ar nan ba ku sani ba. Ba a ɗaukar talla a jere. A ɗauki mai magana daban, a ɗauki fuskar mai sauraro daban, daga baya a ɗinke su a ofis. Denise ta yi nata, ta fita shan shayi. Sai darakta, Craig, ya jawo ni gefe.

"Garba, ka ce wa tsohon ya ɗago kai, ya zaro ido, ya saki wuƙar."

Na ce, "Me ya gani?"

"Muryarta ya ji, wai ya gane an haife ta namiji. Masu katin ne ke son abin dariya."

"Ta sani?"

"Za ta gani a talabijin."

Da na ce wa Alhaji zaro ido kawai, da ya zaro an wuce wurin. Na kuma san in na ɓata musu yini, wayata ta daina ƙara. Amma ni na kawo baƙi shagon mutum, ga shi za a ari fuskarsa a yi wa wata dariya bai sani ba. Na fassara masa duka, har da dalilin.

Alhaji ya goge hannu da tsumma. "Malam Garba, wannan da ta gaishe ni da safe?"

"Ita, Alhaji."

"Tun da kake zuwa nan ka taɓa ganin na zaro wa mai ciniki ido? Wanda ya tako ƙofata baƙona ne. Ka ce masa ya nemi wata fuskar, tawa ta sayar da nama ce."

Na fassara wa Craig, ya hau faɗa. Hayaniyar ce ta dawo da Denise. Ta tambaye ni, na faɗa mata. Ta ajiye kofinta ta dubi Craig. "Mai cefane aka ce mini zan fito. Mamata ta bi layinsu gida-gida a Perry Barr can Birmingham tana cewa a kalli tallar nan. Abin da za ka nuna musu ke nan?"

Craig ya fita, ya daɗe a waya yana kaɗa hannu. Da ya dawo ya ce a ɗauke su tare, kowa ya yi yadda ya saba. Alhaji ya auna nama, ya yanko hanta ya ƙara mata gyara kamar yadda yake wa kowa, ya ce, "Allah ya amfana." Ta yi dariya ta karɓa. Wannan ɗaukar aka nuna a talabijin.

Ni kuwa sai da sanyi ya wuce kafin su sake kirana, shi ma don babu mai buɗe musu ƙofa a Longsight in ba ni ba. Ban yi nadama ba. Abin da sana'ar nan ta koya mini shi ne, kafin ka ce wa mutum ya yi wa kyamara fuska, ka tambaya kusa da fuskar wa za a ɗinka ta.