Nemesio da Cediyar Ganuwa

Idan ka tambayi masu zagayawa da baƙi a Kartahena wa ya kare ganuwar garin, za su jero maka janarorin Sifaniya da igwoginsu har miyau ya bushe. Idan kuwa Nemesio Arrieta ka tambaya, amsar gajeriya ce: shi ne.

Tun yana saurayi aikinsa cire ciyawa daga jikin ganuwa. Ya ɗaura igiya a ƙugu, ya sauka ta gefen teku da ɗan ƙarfe mai lanƙwasa, ya bi tsagin dutse yana tumɓuke duk abin da ya tsiro. Babbar abokiyar gabarsa cediya ce. Tsuntsu ya ci 'ya'yanta a wani lambu, ya zo kan bango ya sauke nauyinsa, damina ta ƙarasa aikin.

"Turawan Ingilishi sun zo da jiragensu sun koma," haka yake gaya wa matarsa Dominga. "'Yan fashin teku ma sun koma. Kashin tsuntsu ne bai taɓa komawa ba."

"To, Janar," in ji ta, "wanke hannu, shinkafar kwakwa tana hucewa."

Da gwiwa ta gaza aka sallame shi. An ba shi lemon kwalba, shugaban ma'aikata ya yi masa godiya yana duban agogo. Nemesio bai damu ba, don ya san ba za a daɗe ba ganuwa za ta zube. Kullum da safe ya taka ya je ya duba. Ganuwa kuwa, da yake ba ta da kunya, ko gezau ba ta yi ba. Wasu ƙarti biyu da tankin feshi a baya ne suka gaje shi, su leƙo idan sun ga dama. Abin ya ci masa rai ƙwarai, don mutum ya ba bango ƙuruciyarsa, bangon bai ma san ya tafi ba.

Nan ne dabara ta faɗo masa. Ya riƙa cika aljihu da nunannun 'ya'yan cediya daga unguwarsu, ya watsa wa wasu baƙaƙen tsuntsaye da ke taruwa a kusurwar ɗakin gadi na kan ganuwa, inda feshi ba ya kaiwa sai da igiya.

"Tsoho, tun yaushe ka zama mai tausayin tsuntsu?" Dominga ta tambaya ranar da ta tarar da aljihun wandonsa ya yi danƙo.

"Halittar Ubangiji ce."

"Jiya-jiya kake ce musu sojojin Shaiɗan."

Shirinsa mai sauƙi ne. Cediya za ta tsiro, hankalin manya ya tashi, su zo har ƙofar gidansa hula a hannu. Har ya tanadi yadda zai ja musu aji kafin ya amsa.

Ta tsiro kuwa, ta yi kyau irin na abin da aka haifa don ɓarna. Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo. Manya ba su zo ba. Amare ne suka zo, don an gano koren ganye a kan tsohon dutse da teku a baya yana fitar da farar riga a hoto. Masu zagayawa da baƙi suka yi mata tarihi nan take: wai wata baiwa ce ta shuka ta shekara ɗari uku da suka wuce, tana jiran matuƙin jirgin da bai dawo ba. Baƙi har da share hawaye. Aka kewaye ta da sarƙa, aka sa mai gadi.

Wata safiya Nemesio ya leƙa gindinta, ya ga dutsen ya tsage. Inda da ko tsinin wuƙa ba ya shiga, yanzu hannun mutum zai nutse. Ya koma gida ya ɗauko ƙarfensa, gwiwa na ciwo, ya tsallake sarƙar.

"Baba Nemesio, ina zuwa?" Wilfrido mai gadi ya riƙe masa hannu. "Ba a taɓawa. Kayan tarihi ne."

"Ɗan nan, za ta raba kusurwar nan biyu."

"Haba Baba, shekara ɗari uku ba ta raba ba, sai yau? Kai da kanka ka yi aiki a nan ka ƙyale ta."

Nemesio ya buɗe baki. Gaskiyar ta zo har maƙogwaro, ya dubi jama'ar da ta taru, ya haɗiye ta. Wilfrido ya zare ƙarfen daga hannunsa a hankali, cikin ladabi, ya fito da tsohon bayan sarƙa.

Wani ango ya ga tsoho a tsaye ba ya komai, ya miƙa masa waya. "Baba, taimaka mana. Ka tabbata bishiyar ta fito gaba ɗaya."

Ya karɓa, ya ɗauki hoton. Ta fito gaba ɗaya, har da tsagin da ya gangara ƙasa a bayan amarya.