Ranar da Na Tayar da Shanun Bature Saboda Balbela

Ko zan manta komai na zamana a Faransa, ban da wannan Lahadin. Har yau dangi cewa suke wai haukata ce ta motsa na kori shanun mutane. Ƙarya ne. Taimako na yi.

A shekarun tamanin ne, lokacin kaka, ganye na ta zuba. Na taso daga Paris na je wurin yayana a Bron, kusa da Lyon. Yana jami'a, kuma akwai takardar da sai malaminsa ya sa hannu kafin Litinin, in ba haka ba a maido shi Zinder ba digiri. Malamin, wani tsohon Bature, sati uku yana ce masa gobe. Sai ga shi ya gayyace mu kallon tsuntsaye a bakin wani tabki.

Yaya ya cusa takardar a aljihu ya ce, "Don Allah yau ki rufe bakinki."

Awa huɗu muna cikin wata bukkar katako, mu da Turawa wajen ashirin, kowa da madubin hangen nesa, ba mai tari. Wai an ga wani baƙon tsuntsu, tsohon ya shekara talatin yana jiransa. Na gaji, na leƙa hoton tsuntsun a littafinsa.

"Yaya, balbela ce fa!"

"Ki rufa mini asiri."

"Balbela! Wadda muke jifa a bayan gida!"

Tsuntsun ya ƙi fitowa, tsohon sai ƙara ɓata rai yake, Yaya sai gumi cikin sanyi. Ni kuwa na san balbela shanu take bi, ga su can kwance a gonar da ke bayanmu. Na fita, na tsallake shinge, na ɗauki sanda na daka musu tsawa irin ta makiyayanmu. Ashe shanun Faransa ba su san wannan ba. Wata jibgegiya ta yo kaina, na ja da baya, na zauna daɓas cikin laka.

Amma sun tashi, ƙwari sun tashi, sai ga 'yar banzar ta fito daga ciyawa ta sauka gabana.

Na miƙa hannu a ciro ni. Mutum ashirin suka ce, "Shhh! Kada ki motsa!" Mai gonar ya zo yana zagi, shi ma aka ce masa shhh, aka ba shi madubi. Tsohon hawaye yake. Yaya ya lallaɓa ya miƙa masa takardar, ya duƙa, a gadon bayan Yaya tsohon ya ɗora ta ya sa hannu, ido bai bar madubi ba. Ni ina cikin laka har balbela ta ƙoshi.

Abin da na koya: in kin san inda abin da mutane ke nema yake, ki nuna musu da yatsa, su shiga lakar da kansu. Da tsohon ya ce in raka su Lahadi mai zuwa, na ce to. Washegari na hau jirgin Paris.